Labarin na wa ne, mai baki ko mai alƙalami?

Ina gaida na ruga da na kasuwa, da waɗanda dare ya riska a bakin iyaka suna jiran a ɗaga shinge, da yaran mota da ke kwance kan buhunan albasa da rediyo a kunne. Allah ya sa a ƙetare lafiya.

Zancenmu na yau wani dattijo ne ya jawo shi. Makiyayi ne, ya aiko mana saƙon murya ta wayar jikansa, ya ce kada a faɗi sunansa, to ba za mu faɗa ba. Ga abin da ke tafe da shi. Akwai wani yaro ɗan maƙwabcinsa manomi, Kirista, wanda tun yana ƙarami ake aikensa rugarsu sayen nono. Yaron ya girma, ya yi karatu, kwanan baya cocinsu ta tura shi wata bita ta mako guda inda marubuta ke koya wa matasa rubuta labari. Da ya dawo sai ga shi da littafi da biro, ya durƙusa ya gaida dattijo ya ce, "Baba, malamanmu sun ce kowa ya koma gida ya nemi tsohon da ya fi kowa labari, ni kuwa kai na sani. Ka ba ni labarin tafiyarku kudu da shanu a shekarar fari." Dattijo ya ce masa ya je ya dawo bayan kasuwa biyu. Shi ne yake tambayarmu: su wane ne waɗannan malamai, me suke koyarwa, kuma in ya buɗe baki ya ba da labarin nan, gobe na wa zai zama?

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayar ƙarshen ita ce mai nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa. Amma bari mu fara da malaman.

Irin wannan bita ta daɗe a Afirka. A shekarar 1959 aka buɗe wata cibiya a garin Kitwe, cikin ƙasar da yau ake kira Zambiya, don koya wa Kiristocin Afirka aikin rubutu da aikin jarida. Wanda ya fara shugabantarta wani Ba'amurke ne, Wesley Sadler, wanda kafin nan ya yi shekaru zaune cikin ƙabilar Loma a Laberiya, ya koyi harshensu, ya shirya musu littattafan yaƙi da jahilci. Matasa daga ƙasashe dabam-dabam sun je Kitwe sun koyo, suka koma gida suna fitar da mujallun coci da ƙananan littattafai. Daga baya, a 1985, aka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna Media Associates International, wadda aikinta ke nan, tura ƙwararrun marubuta da editoci ƙasashe su horar da na gida. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki a yankinmu akwai Lawrence Darmani, mutumin Gana, mai kamfanin buga littattafai a Akara. Shi ya rubuta wani littafi da Turanci mai suna Grief Child, labarin wani yaro maraya da ya faɗa hannun gwaggo marar tausayi. Littafin ya ci kyautar ƙasashe renon Ingila ta sabon marubuci a ɓangaren Afirka a 1992, kuma an karanta shi a makarantun Gana. To irin waɗannan su ne manyan. A ƙasa da su, a garuruwa irin su Jos da Maraɗi da Garwa, za ka tarar mai koyarwar malamin makaranta ne da ya taɓa buga littafi, ko fasto mai fassara, ko wata mata da ta yi shekaru tana gyara rubutun mutane a gidan ɗab'i.

Ba zan ɓoye muku ba, su ma ba su ɓoye ba: mutane ne masu addini, kuma abin da suke so shi ne a samu Kiristoci masu iya rubutu da za su ƙarfafa jama'arsu. Duk wanda ya ce maka babu ruwan bitar da addini bai faɗa maka gaskiya ba. Sai dai abin da ake yi a cikin ɗakin sana'a ce, kamar yadda ake koyon ɗinki ko ƙira.

Yawanci mutane kaɗan ne, waɗanda za su kewaye tebur ɗaya ko biyu. Kowa ya rubuta nasa, ya tashi ya karanta da ƙarfi, saura su faɗa masa inda suka ɓata da inda hankalinsu ya tafi wani wuri. Daga nan malami ya sa baki. A ce ɗalibi ya rubuta, "A shekarar nan shanu da yawa sun mutu, mutane sun sha wahala." Malamin kirki zai dube shi ya ce, wace saniya ce ta fara faɗuwa? Bunaji ce ko Rahaji? A bakin wace rijiya? Wa ya zaro wuƙa, kuma me ya ce wa ɗansa da ya juya? Ɗalibi ya koma ya sake. Gobe a sake karantawa, a sake tsinka, har kwana biyar ko shida. Ku fatake kun san wannan ba sai an faɗa muku ba. Wanda ya dawo daga Kwatano ya ce maka "hanya ba kyau" bai ba ka komai ba. Wanda ya ce maka a shinge kaza aka sauke su, aka kwance buhu kaza, suka kwana biyu, shi ne ya ba ka labari.

Babbar rigimar da ke tsakanin malaman nan da ɗalibansu kuwa ita ce ta wa'azi. Sabon marubuci mai zafin addini, kowane addini ne kuwa, yakan ɗauko mutum ya sa shi sata da shaye-shaye shafi goma, a shafi na sha ɗaya ya sa shi ya tuba, kowa ya yi murna. Ƙwararrun cikinsu sukan soke wannan da jan biro. Sukan nuna wa ɗalibai misalan da ke cikin Linjila, waɗanda Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa alaihissalam, ya ba mutane: makiyayin da tunkiya ɗaya ta ɓace masa cikin ɗari ya bar sauran ya bi sawunta, da matafiyin da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, manya biyu suka wuce shi, baƙon da ake ƙyama ya tsaya ya ɗauke shi. Su ce wa ɗalibi, ka ga, tunkiya ce da hanya da masauki da kuɗin jinya, abin da kowa ya sani. Saboda haka ne suke korar yara su koma ƙauye wajen tsofaffi. Sun san yaron da bai taɓa sauraron mutum da kyau ba, ba zai iya rubuta mutum ba.

Kafin in wuce, kada wani ya ɗauka da zuwan mishan aka fara rubutu a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma horar da jajis da ke kai karatu ƙauyuka wajen mata, tun kafin a ga allon boko. Ajami na nan a hannun malamai da fatake. Abin da ya zo daga baya shi ne rubuta zancen baka na talaka da baƙaƙen boko a buga shi a littafi, kuma nan ne tambayar Baba ta samo asali.

Bari in ba ku labarin wani yaro daga nan kusa da mu. Sunansa Dorugu. An haife shi wajen shekarar 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana ɗan yaro mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi har ya kai Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi. Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki Dorugu tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Ku dubi hanyar da yaron nan ya bi, ku da kuka san tafiya: daga Kukawa zuwa Damagaram, Katsina, Sakkwato, Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, har Tambutu a 1853. Suka juyo suka koma Barno, suka ratsa sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, a 1855 ga su a Landan. Yaron bai fi shekara sha biyar ko sha shida ba.

A Ingila akwai wani limamin mishan, shi ma Bajamushe, James Frederick Schön, ana faɗin sunan kamar Shon. Ya taɓa zama a Saliyo, inda ya fara koyon Hausa a bakin bayin da aka 'yanta, kuma yana cikin ayarin jiragen da suka shigo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Amma bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Burinsa ya fassara littafin addininsa zuwa Hausa, ga shi kuwa Hausarsa ta tsinto ce. Da ya ji an zo da yaro Bahaushe har gida, ai kun san abin nema ya samu. Barth ya shirya mayar da yaran gida, Schön ya shiga tsakani aka bar su a wurinsa, abin da bai yi wa Barth daɗi ba. Abbega bai daɗe ba ya komo Afirka, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864, kusan shekara takwas.

Cikin shekarun nan Schön ya yi abin da yaron maƙwabcin Baba yake son yi. Ya zaunar da Dorugu, ya ɗauki alƙalami, ya ce faɗi. Dorugu ya yi ta faɗi: yadda aka kama shi, yadda ya rabu da ubansa, kasuwannin da ya gani, ƙishirwar sahara, tatsuniyoyin da ya ji a gida. Har da yadda ya ga Turawa na cin abinci a tebur da yadda matansu ke ado, ya faɗa da idon ɗan ƙauyen Damagaram da ke kallon abin mamaki. Da wannan Hausa ta bakin yaro Schön ya gyara fassararsa ta sassan Linjila, ya buga littafin nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, sannan a 1885 ya fitar da littafin Magana Hausa, wanda labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa ke ciki.

To a nan sai mu yi adalci ta fuska biyu. Schön ya yi abin yabo. Limami ne, yana da dalilin da zai sa ya mai da labarin yaron nan wa'azi, ya sa masa kalmomin da bai faɗa ba, amma labarin da ya bar mana na yaro ne mai ido da kunne, da Hausarsa ta gabas. Ba don wannan zama da suka yi ba, da babu wanda ya san an yi wani Dorugu, kamar yadda dubban yaran da aka kora a hanyar nan suka ɓace ba suna ba labari. Yau masu nazarin harshe na komawa littafin su ga yadda ake Hausa a Damagaram fiye da shekara ɗari da sittin da suka wuce.

Ɗaya fuskar kuma, sunan da ke bangon littafin na Schön ne. Shi aka yaba a Turai, shi jami'ar Oxford ta ba digirin girmamawa. Sunan Dorugu na ciki, a kan labarinsa, amma a matsayin wanda aka ɗebo zance a bakinsa. Kuma ku tuna halin da yake ciki: yaro ne, baƙo, a gidan mutum yake ci yake kwana, teku na tsakaninsa da gida. Ba shi da bakin da zai ce "je ka dawo bayan kasuwa biyu" kamar yadda Baba ya ce. Da ya komo ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano, a can ya rasu a 1912. Sai a 1971 wasu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka sake fassara labarinsa zuwa Turanci suka fitar da shi a matsayin tarihin da mutum ya ba da na kansa. Daga 1885 zuwa 1971, ku lissafa, shekara 86 ke nan. Mai labarin ya yi kusan shekara sittin a ƙasa kafin a juyo a ce ashe nasa ne.

Akwai labari na biyu, gajere, wanda ya ɗan fi wannan daɗi. A Zariya wani likitan mishan, Walter Miller, wanda ake kira Likita Mila, ya zauna tun 1905, ya buɗe makaranta, daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa a 1929. Shi ne jigon aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, kuma ba shi kaɗai ya yi ba, da Hausawan da ke tare da shi. Daga cikin mutanen Wusasa aka samu John Tafida. A 1933 wani jami'in ilimi na gwamnati, Rupert East, wanda shi ba ɗan mishan ba ne, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Ya sha wuya, don malamai da yawa na ganin ƙaga labari aikin tatsuniya ne, na mata da yara. Duk da haka aka samu littattafai biyar da har yau ake karantawa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Wannan na ƙarshen sunaye biyu ne a bangonsa, Tafida da East.

Waɗanda suka yi makaranta a ɓangaren Nijeriya sun san labarin: Abubakar na son Zainabu, attajiri Malam Shaihu ya aure ta da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, abin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta. Abin da nake so ku lura da shi, Kirista ne ya rubuta, mutanen cikin labarin kuwa maƙwabtansa ne Musulmi, kuma bai ja kowa coci a shafin ƙarshe ba. Ya rubuta su yadda ya san su, da kishinsu da son zuciyarsu. Shi ya sa 'ya'yan Musulmi suka yi shekaru suna karanta shi a aji, da yawa ba su ma san addinin marubucin ba. Nan an ci gaba, an sa sunan ɗan ƙasa a bango. Amma da yake hannu biyu ne suka yi aikin, mai karatu ba ya iya raba inda Tafida ya tsaya da inda gyaran East ya fara. Wannan ita ce matsalar malamin rubutu har gobe: in ya gyara kaɗan ɗalibi bai ƙaru ba, in ya gyara da yawa ya ƙwace. Wani malamin duk ɗalibansa da muryarsa suke fitowa, kamar 'yan maruƙan da bijimi ɗaya ya haifa. Ni a ganina wannan ya gaza, ko da littattafansa sun cika kanta.

To Baba, mu dawo gare ka. Shawara taka ce, labari naka ne, kuma in ka ce a'a babu wanda ka yi wa laifi. Amma tunda ka tambaye ni, ni dai ina ganin ka ba shi.

Dalilina shi ne, waɗanda suka kora shanu a farin 1973 da 1974 suna manya, yau sun yi ƙaranci. Na 1984 ma, da waɗanda suka ga ciwon bushiya ya share garke a farkon shekarun 1980, gemu ya yi fari. Kullum ana maganar makiyayi a rediyo da jarida da Facebook, amma sau nawa kuka ji shi da bakinsa, da tsawo, ba a katse shi ba? Wasu ne ke ba da labarinsa, galibi ranar da aka yi rigima. Burtalin da kuka bi a shekarar nan, da mashayar da kuka sauka, da sarkin da ya ba ku masauki, da manomin da ya buɗe muku gonarsa bayan girbi kuka zuba masa taki, da wanda ya kore ku, duk suna kanka. Wasu burtalan yau gonaki ne, wasu gidaje. Jikan da ya riƙe maka waya ya tura mana saƙo, in ba a rubuta ba, da me zai san an taɓa bi ta nan? Ga shi kuma wanda ya zo nema ɗan manomi ne, wanda ya tashi yana shan nonon rugarku. A zamanin da muke ciki, ɗan manomi Kirista ya durƙusa gaban Bafulatani Musulmi ya ce koya mini abin da ka gani, ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Sai dai magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi, don ita tana zuwa inda ƙafarka ba ta taɓa zuwa ba. Saboda haka kana da abin da Dorugu bai samu ba, wato ikon kafa sharaɗi, ka yi amfani da shi. Kafin ka fara, tambaye shi ina rubutun zai je. Aikin aji ne da malami zai duba ya mayar masa, ko mujallar coci za a sa, ko littafin sayarwa? In a cikin littafin wa'azi za a sa, ya faɗa maka ƙiri-ƙiri tun yanzu, ka ga ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Yaron kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba, malamin kirki ma zai so a yi ta. In kuma kuɗi zai shigo, ko kaɗan ne, a yi maganarsa a gaban shaidu tun kafin ya shigo, kamar yadda ba a sayar da sa sai da dillali da mai shaida.

Sannan duk abin da ya rubuta, ya dawo ya karanta maka daga farko har ƙarshe, a gaban wani naka da ya iya karatu yana bin takardar da ido. Inda ya sa maka maganar da ba taka ba, ka ce a cire. Wannan ba zargi ba ne. Mai rubutu yakan gyara zance don ya yi daɗi, bai ma san ya canza shi ba. Kai ka ce "muka yi haƙuri", shi ya rubuta "muka yi kuka", alhali kai ka san abin da pulaku ya hana. Jikanka ya ɗauki muryarka a waya lokacin da kake faɗa, ya ajiye, shi ne shaidarka. In da Fulfulde labarin ya fi zauna maka a baki, ka faɗe shi da Fulfulde a ɗauka, a fassara daga baya. East ɗin nan da na ambata ya taɓa tattara labaran tarihin Adamawa ya buga su da Fulfulde a 1934, harshen ya daɗe da shiga littafi.

Maganar suna kuwa, kai za ka zaɓa. In kana so a sa, a sa shi a sama inda ido zai fara sauka, a ce labarin wane ne, wane ya rubuta. In kana ganin akwai haɗari, a sakaya, amma a rubuta cewa daga bakin wani makiyayi aka ji, kada a wayi gari yaro ya zama shi ya ƙaga. Akwai kuma abin da ba a ba takarda ko da an yarda da mai biro. Yawan shanunka ba na littafi ba ne, ka fi ni sanin dalili. Sunan mutumin da kuka yi faɗa da shi shekara arba'in da suka wuce, wanda jikokinsa ke cin kasuwa ɗaya da naka, a bar shi. Ku ma fatake, in irin wannan yaro ya zo muku, ku ba shi labarin ranar da mota ta mutu muku a daji da wanda ya taimake ku, da yadda canjin sefa da naira ya taɓa cinye muku uwar kuɗi a dare ɗaya, amma hanyar da kuke bi da sunan wanda ke buɗe muku ita, wannan ku san inda za ku tsaya.

Kai kuma yaro, in kana saurare, na san wani zai faɗa maka an yi zancenka a rediyo. Ka yi abin kirki da ka je da kanka ka durƙusa. In Baba ya yarda, ka je da lokaci, kada ka je da gaggawar mai jiran mota. Tsoho zai fara maka da zancen wata saniya da ta mutu tun ba a haifi ubanka ba, ka ga kamar ya bar hanya, ka yi shiru ka rubuta, sau da yawa nan labarin yake. Kada ka sa shi ya faɗi abin da zai faranta wa malamanka rai. In ka koma wurinsu suka ce ka ƙara masa darasi a ƙarshe, ka tuna musu da abin da suka koya maka da bakinsu game da jan biro. Kuma in an buga, ko shafi biyu ne, ka kai masa nasa har ruga, ka karanta masa a gaban iyalinsa.

Baba, kasuwa biyun da ka ɗiba sun kusa cika. Duk yadda kuka yi da yaron, ka sa jikanka ya sake aiko mana, muna so mu ji. Sauran masu sauraro da ke da irin wannan tambaya, ƙofa a buɗe take, a turo da Hausa ko da Fulfulde. Yanzu sai ku gyara zama, ga farashin dabbobi da na hatsi daga kasuwannin ɓangarorin biyu nan tafe.